Maƙerin Chinade Da Garin Kuka

A cikin abubuwan da ɗan Adam ke ɗauka da hannunsa kowace safiya, da wuya a sami wanda aka jahilci halinsa kamar gari. Mai inji ya niƙa shi, uwargida ta tankaɗe shi, ɗan kasuwa ya auna shi da mudu, amma ƙalilan ne suka taɓa tsayawa suka yi tunanin yadda yake tafiya. Ruwa dai an san halinsa, in aka huda tulu sai ya tsiyaye ƙaf. Tsaba ma haka, in bakin buhu ya kwance gero ba ya jiran a roƙe shi. Gari kuwa bai bi ruwa ba, bai bi tsaba ba. Yau ya tsaya cik kamar ginin laka, gobe ya malalo kamar an fasa madatsar ruwa, alhali kuwa mazubin bai sake ba, kafar ma ita ce ta jiya. Wannan hali shi ne ya hana wani maƙeri na Chinade, a ƙasar Katagum ta Jihar Bauchi, barci mai daɗi har tsawon wata huɗu, kuma abin da ya koya a cikin watannin nan ya isa a ba da labari.

Maƙerin nan ɗan gado ne. Ya buɗi ido ya tarar da mahaifinsa yana ƙera fartanya da garma da lauje, shi kuma yana yi masa zuga. Da injinan niƙa suka yawaita a ƙauyuka, sai ya tafi Azare ya koyi walda, ya komo ya zama shi ne likitan duk injin da ya yi gardama a Chinade da kewayenta. Ya san kukan inji mai lafiya, ya san na wanda haƙoransa suka cinye. Shekarunsa sun doshi sittin, kuma ba mutum ne mai yawan magana ba, sai dai in ƙarfe ya gagare shi a ji yana yi masa faɗa kamar mai horon yaro.

Yana da ƙanwa wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar. Da ta fita takaba ba ta zauna jiran hannun dangi ba, sai ta kama sana'ar garin ɗanwake. Takan sayi wake da busasshen rogo da dawa, ta gyara, ta aika inji, in an kawo ta zuba garin kuka ta cuɗa a babban daro, sa'an nan ta ƙulla a leda. Da fari mudu biyar take yi, maƙwabta su saye. Sannu a hankali sai ga masu shaguna na Azare suna aiko mata da saƙo, har aikin ya kai buhu huɗu a mako. Da shi take ciyar da gida, da shi take biyan kuɗin makaranta, da shi kuma babban ɗanta ya kai Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi yana karatun injiniya.

To, albarkar nan ita ce ta zo da matsala. Duk wanda ya san ɗanwake ya san kuka ce igiyarsa, domin ita ke ba ƙullun yauƙin da zai riƙe shi in an jefa a tafasasshen ruwa. In ta yi kaɗan, ɗanwake ya watse a tukunya. In ta yi yawa, ya yi duhu, ya yi santsi, yara su ture kwano. Mudu biyar hannu yana iya cuɗa shi ya haɗu sarai. Buhu guda kuwa ya fi ƙarfin mace ɗaya da 'yan mata biyu, don kuka ba ta da nauyi, kuma tana son dunƙulewa wuri ɗaya, wani gefen ya sha, wani gefen ko ƙyas. A kakar 2022 wani mai shago ya mayar mata da leda sittin, ya ce masu saye sun ce garinta ya zama caca, wanda ya yi sa'a ya ci ɗanwake, wanda bai yi ba ya sha fate. Bai ɗaga murya ba, amma ya ce in aka kuma, zai nemi wata.

Da magariba ta yi lulluɓi ta nufi gidan wanta. Bayan sun gaisa ta ce, "Yaya, ba asarar leda sittin ke damuna ba. Sunana ne ke shirin ɓaci, in kuwa ya ɓaci ba ni da gonar da zan koma." Ya yi shiru, can ya nisa ya ce, "Je ki kwanta. In Allah ya yarda ƙarfe zai yi abin da hannu ya kasa."

Dabarar da ta faɗo masa ba daga nesa ta zo ba. A cikin kowane injin niƙa mai faranti akwai wata sandar ƙarfe da aka naɗa wa murɗi irin na katantanwa, wadda ake kira sukuru, ita ce ke tura tsaba daga mazubi zuwa tsakanin haƙora. Dabara ce tsohuwa ƙwarai. Ana jingina ta ga Arkimidas, masanin nan na Girkawa mutumin tsibirin Sisili, wanda ya mutu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, kuma manoman Masar sun daɗe suna ɗago ruwan Nilu da ita. A wajen 1785 wani Ba'amurke mai suna Oliver Evans ya sa ta a ma'aikatarsa ta niƙa alkama, tana kai gari daga wannan inji zuwa wancan ba tare da hannun mutum ba. Maƙerin bai san sunayen nan ba a lokacin. Abin da ya hango shi ne, in ya ƙera ƙaramin mazubi da ƙaramin sukuru a ƙarƙashinsa, ya kafa shi a bakin injin niƙa, kuka za ta riƙa zuba kaɗan-kaɗan a kan garin da ke fitowa, ta ratsa shi tun kafin ya sauka daro.

Lissafin ba shi da wuya. Ƙanwar takan sa kilo ɗaya na kuka ga kowane kilo 20 na gari. Injin unguwarsu kuwa yakan cika buhu mai kilo 50 a rabin awa, watau kilo 100 a awa ɗaya. Ke nan ana bukatar kuka kilo 5 a awa, ko kuwa wajen giram 83 a kowane minti, ba daɗi ba ragi. Ya sami mazurarin kwano mai ƙaramin wuya, ya naɗa waya mai kauri a jikin sanda ya bi da walda, tazarar da ke tsakanin murɗi da murɗi duk tsawo ɗaya, ya haɗa da ɗan injin nan da ke share gilashin mota wanda batir ke juyawa, ya rage masa gudu da sarƙar keke.

Da aka gwada da gero, abin ya yi kyau har yara suka yi tafi. Da aka zuba kuka, sai ta zubo na minti biyu ta ɗauke, sukuru yana ta juyawa a banza. Ya leƙa ta ƙasa, sai ya ga kukar ta ɗaure a bisa kafar ta yi baka, irin bakan da magina ke yi a soron sarakuna, tana ɗauke da nauyin duk abin da ke kanta. Ya ɗauki guduma ya bugi mazurarin. Ta zubo, ta sake tsayawa, kuma kowane bugu sai ya ƙara danƙare ta, kamar yadda mai saye ke bubbuga mudu don ya ci gari da yawa.

Sai ya ajiye mazurarin, ya ƙera akwati mai dogon baki wanda ya bi tsawon sukurun. Bakan ya ragu, amma wata sabuwa ta ɓullo. Kukar sai ta riƙa zurarewa ta wuri ɗaya tak, can wajen gindin sukuru, har rami ya buɗe tun daga sama kamar rijiya, saura kuwa ta tsaya a gefe kamar bango. Rijiyar ta ƙafe, zuba ta tsaya. Jim kaɗan bangon ya rufta, kukar ta haɗiyi iska ta koma kamar ruwa, ta bi ta tsakanin murɗin ta feso waje, har bayan an tsai da sukurun. Kafin a ankara rabin mazubi ya ƙare a daro ɗaya, mai inji ya fito kore shar tun daga gira har gemu.

Wata biyu ana wannan fama. Masu zaman hira a bakin maƙera suka fara cewa tsufa ya zo wa malam da wasan yara. Maganarsu ba ta dame shi ba kamar ganin fitilar ɗakin ƙanwarsa, wadda ta koma raba kowane buhu kashi goma tana cuɗawa da hannu, ba ta kwanciya sai dare ya raba. Alkawari ya yi mata, kuma tun da yake bai taɓa cewa ƙarfe zai yi abu ya ƙi yi ba.

Ran nan sai ɗanta ya zo hutu. Kwana biyu yana zuwa maƙera yana kallo, kunya ta hana shi magana. A na uku ya durƙusa ya ce, "Kawu, in ka yarda in faɗi abin da aka koya mana a kan irin wannan." Maƙerin ya ce, "Faɗi mana, ɗana. Ai don haka aka sayar da garin ɗanwake aka kai ka."

Yaron ya ce tun a 1895 wani injiniya Bajamushe mai suna Janssen ya gwada ya gano cewa hatsin da ke cikin rumbu mai zurfi ba ya danna ƙasa yadda ruwa ke yi. Bango ne ke ɗauke yawancin nauyin, saboda ƙwayoyin suna dafa juna, suna kuma dafa bango. In ƙwayoyin suka yi laushi ƙwarai, nauyin kowace ɗaya ba ya kai ƙarfin da ke manne ta da 'yar'uwarta, balle in akwai danshi ko maiƙo. Abin da ya sa ke nan gero ke gudu, kuka ke tsayawa. Bayansa kuma aka yi wani mai suna Andrew Jenike, haifaffen ƙasar Poland, wanda ya yi shekaru a Jami'ar Utah ta Amurka yana auna ƙarfin gari iri-iri, ya fitar da littafi a 1964 wanda har yau masu ƙera rumbunan masana'antu ke aiki da shi. Abin da ya tabbatar shi ne, kowane gari yana da faɗin kafar da in ba a kai ba zai yi baka, yana kuma da miƙewar bango da santsinsa da in ba a kai ba zai maƙale a gefe. Doguwar kafa ta fi zagayayyiya, don kamar rabin faɗin zagayayyiya ya ishe ta, muddin tsawonta ya ninka faɗinta sau uku ko fiye.

Maƙerin ya ce, "Doguwar kafa ai na yi. Rijiyar fa, daga ina?"

Yaron ya ɗauki sukurun ya nuna masa tazarar da ke tsakanin murɗi da murɗi, ya ce, "Kawu, a kira kowace ɗaya gaɓa. Gaɓar farko ta can gindi ita ce ke cika. In ta matso gaba a cike, ba ta da wurin karɓar kukar da ke bisanta, saboda haka duk tsawon bakin nan wuri ɗaya ne ke aiki. Kamar motar Azare ce da ta cika tun a tasha, duk wanda ke bakin hanya sai dai ya ɗaga hannu a banza. Tilas ne kowace gaɓa ta fi ta bayanta ɗaki, don ko'ina a sami wurin shiga."

Tsohon ya tashi bai ce kome ba, ya je danga ya zaro karan dawa, ya miƙa masa. Ya ce, "Irin wannan? Gajeru a gindi, suna ƙara tsawo in an yi sama?" Yaron ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan, Kawu. Mu sai da aka yi mana zane a allo."

Amma ya ƙara da cewa tsawaita gaɓa yana da iyaka. In gaɓa ta cika gajarta, gari yakan cushe a ciki ya riƙa juyawa tare da sanda ba ya gaba. In kuma tsawonta ya wuce faɗin sukurun, turin yakan yi rauni. Saboda haka masana sukan haɗa dabara biyu: a rabin baya a bar gaɓoɓi gajeru amma a sa sandar tsakiya ta yi kauri a gindi tana sirancewa kamar ƙaho, a rabin gaba kuma a riƙa tsawaita gaɓa. Da wannan ana iya janyo gari bai ɗaya daga bakin da tsawonsa ya kai faɗin sukuru sau shida. Gudu kuma ba a son ya wuce juyi 40 a minti, don in ya yi sauri gari mai laushi ba ya samun damar cika gaɓa. Ambaliyar kuwa maganinta biyu ne: a hana rijiya tun farko, sa'an nan a sa sukurun ya bi ta cikin bututu matsattse na tsawon 'yan gaɓoɓi bayan ya fita daga ƙarƙashin mazubi, ya zama kamar ƙofa.

Suka kama aiki. Sukuru mai faɗin santimita 3, bakin mazubi mai tsawon santimita 18, gaɓoɓi daga santimita ɗaya da rabi har zuwa 3. Sandar aka kai Azare wurin masu injin feƙe ƙarfe aka fitar mata da siffar ƙaho. Bangon mazubi suka miƙar da shi sosai, suka yi shi da ƙarfen da ba ya tsatsa, maƙerin ya goge duk wani tudun walda da ke ciki, ya kuma hana a shafa fenti, ya ce abin da zai shiga cikin mutane ne. Rijiya ta ɓace. Kukar ta riƙa sauka gaba ɗaya, samanta a shimfiɗe kamar ruwa a randa. Sai dai kafa mai faɗin santimita 3 ta yi wa kuka kaɗan, lokaci-lokaci bakan yana komowa, ga shi in aka faɗaɗa kafar sai an girmama sukuru, in aka girmama shi kuma zai zubo fiye da bukata.

Wannan kuwa daga madafa maganinsa ya fito. Ƙanwar ta kawo musu abinci ta tarar suna ta jayayya, ta saurara, ta ce, "Yaya, mu dai in kuka ta yi gudaji a tukunya, maburgi muke sa mata." Washegari maƙerin ya gitta wata sanda a bisa sukurun, ya dasa mata 'yan yatsu na waya, ya haɗa ta da sarƙar nan yadda za ta riƙa juyawa a hankali. Yaron ya ja kunne kada maburgin ya yi sauri, don in ya kaɗa kukar da ƙarfi zai cusa mata iska, a koma gidan jiya. Aikinsa kawai ya karya baka tun bai ɗauru ba.

Daga nan sai gwaji. Suka aro ƙaramin sikeli, yaron ya riƙe agogon wayarsa, ƙanensa suka riƙa tara kwano a bakin bututu minti ɗaya-ɗaya har sau goma. Suka ga kowane juyi yana kawo wajen giram 6, watau juyi 14 a minti zai ba da giram 84. Suka canja haƙoran sarƙa har gudun ya tsaya a nan. Awo goma suka fito kusa da juna, ba wanda ya yi nisa da ɗan'uwansa. Amma maƙerin, da yake idonsa ya saba da ƙananan abubuwa, ya lura kukar ba zirara take yi ba, faɗowa take yi curi-curi, kowane juyi curi ɗaya. Sai ya ƙara murɗi na biyu a ƙarshen sukurun, faɗuwa ɗaya ta rabu biyu ƙanana, abin da ya saura kuwa juyi biyu da hannu a daro ya ishe shi.

Har ila yau akwai darasin da sikelin ya koya musu wanda ido ba zai gani ba. In mazubi ya kusa ƙarewa awon yakan ragu, in kuma aka juye kuka daga sama da ƙarfi yakan rikice na ɗan lokaci. Dalili kuwa shi ne sukuru ɗan'uwan mudu ne, cika yake aunawa, ba nauyi ba, kuma kowa ya san mudun da aka danna da wanda aka zuba sako-sako ba ɗaya ba ne. Saboda haka suka kafa dokoki. Aka ja layi biyu a cikin mazubi, kada kuka ta wuce na sama, kada ta gaza na ƙasa. A tankaɗe ta kafin a zuba, a zuba da ƙaramin kwano a hankali. Kada a bar ta ta kwana a ciki, don kwana yana ƙara mata danƙarewa. Mai inji kuma aka ɗaure masa ƙofar mazubinsa da noti wuri ɗaya, don in garin da ke fitowa yana hawa yana sauka, daidaiton kuka ba shi da amfani. In ya tsai da inji kuwa, ya kashe batir nan take.

Yaron ya koma Bauchi. Da daminar 2023 ta kankama, danshi ya shiga kuka, ta yi nauyi, ta ƙara manne wa juna, awon ya goce daga inda aka bar shi a hunturu. Wannan karon maƙerin bai jira kowa ba. Ya sa aka riƙa shanya kukar a rufe ta a leda mai kauri, ya kuma mai da awon minti ɗaya wajibi kowace safiyar niƙa, 'yar ƙanwarsa tana rubutawa a littafin makaranta. In lamba ta kauce, ya gyara gudu kafin a zuba wake.

Mai karatu zai iya ɗauka cewa wannan ƙaramar magana ce ta ƙauye, amma abin da ya sha wa maƙerin nan kai shi ne manyan masana'antu ke kashe dukiya a kansa. A ma'aikatar siminti irin ta Ashaka, wadda ta fara aiki a 1979 tun tana cikin Jihar Bauchi, kafin a yanke Jihar Gombe a 1996, garin dutsen da ke shiga tanderu tilas ya tafi bai ɗaya, in ba haka ba ƙunar ba ta yin daidai, siminti kuwa in ya sha iska ya fi kuka iya malala. Bugu da ƙari, tun daga 2002 dokar Nijeriya ta wajabta a sa bitamin A a cikin fulawa da garin masara da sukari da man girki na masana'antu, shi ne dalilin alamar idon nan da ake gani a jikin buhu da kwali. Garin sinadarin da ake ƙarawa bai kai kilo ɗaya ba a cikin tan guda na fulawa, kuma yawanci ƙaramin sukuru ne ke zuba shi. In ya yi rowa, yaron da ya ci burodin bai sami kome ba. In ya yi ambaliya, an yi ɓarna. Don haka a manyan ma'aikatu akan ɗora mazubin dungum a kan sikeli, kwamfuta tana lura da yadda nauyinsa ke raguwa tana gyara gudun sukuru da kanta, watau abin da maƙerin ke yi sau ɗaya da safe, ita tana yi kowane lokaci.

Sai dai mutanen karkara yawancin tuwonsu daga injin unguwa yake fitowa, ba daga buhun masana'anta ba, saboda haka wannan ƙari ba ya isa tukunyarsu. A ƙasar Tanzaniya wata ƙungiya mai suna Sanku ta ƙera na'urar da ake ɗorawa a kan ƙananan injinan niƙa masara, tana auna hatsi tana zuba sinadari gwargwadonsa. Irin wannan aiki ba na kowa da kowa ba ne, sai da sa idon ma'aikatan lafiya. Amma ran da aka tashi yin sa a ƙasar Katagum, za a bukaci hannun da ya san abin da ke sa gari ya yi baka, ya yi rijiya, ya yi ambaliya, kuma yanzu akwai irin wannan hannu a Chinade.

Shi dai maƙerin ba nan tunaninsa ya tafi ba. Abin da yakan tsaya masa a rai shi ne, shekara arba'in da wani abu yana sana'ar da wuta da guduma ke raba gardama, duk ƙarfen da ya ƙi lanƙwasa ƙarin duka ne maganinsa. Kuka ce abu na farko da ya gamu da shi wanda duka ke ƙara wa taurin kai. Ba ƙarfi take so ba, wuri take so a buɗe mata, kowane taki ya fi na baya yalwa kaɗan. Yakan kuma tuna cewa da shi kaɗai ne da bai kai ba, da yaron kaɗai ne da zanen yana nan a takarda, da ba don maburgin uwar yaron ba kuwa da su biyun suna nan suna jayayya.

Mai shagon nan na Azare bai sake mayar da leda ba, har ma ya ƙara yawan abin da yake karɓa. Fitilar ɗakin ƙanwar tana mutuwa bayan lisha kamar ta kowa. Labari kuwa ba ya ɓuya, sai ga mai garin yaji ya zo, ga mai garin kunun gyaɗa, ga wani mai haɗa abincin kaji, kowa yana cewa a ƙera masa irin na ɗanwake sak. Maƙerin ba ya karɓar kuɗin kowa a ranar farko. Yakan ce, "Malam, koma ka kawo mini mudu ɗaya na garinka tukuna." In an kawo, ya ɗibi tafi guda ya dunƙule hannu ya buɗe. In garin ya zube ta tsakanin yatsu, ya san aikin mai sauƙi ne. In ya tsaya da shatin yatsunsa a jiki, sai ya ce wa mai shi ya ba shi mako uku, ya kuma zo da sikeli. Allah ya ƙara wa sana'a albarka, amin.